Bindiga Mai Sakata: Daga Birnin Ƙonni Zuwa Illelar Adar

Wanda ya bar Sakkwato da hantsi, in hanya ta yi kyau, a Birnin Ƙonni zai yi sallar azahar. Tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba. Shingaye da bakin iyaka ne ke cin lokaci. A Illela ta Nijeriya ake sauka, a hau kabu-kabu, kafin ka gyara zama allunan hanya sun koma Faransanci, 'yan canji sun tara naira da sefa bisa tebura an danne da duwatsu don iska. Bakin mutane dai bai sauya ba, "munka" da "sunka" ne har inda mota ta gaji.

Abin da ya kai ni shi ne zancen bindigar nan mai sakata, wadda ake ɗaga wani ɗan mariƙin ƙarfe a gefenta, a ja baya kwanso ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a kwantar da mariƙin ta kulle. Masu sha'awarta a Turai da Amurka abu uku suke tambaya kafin su fidda kuɗi: wane samfuri ce kuma wane mataki, shekararta nawa, tana da aminci ko kuwa. Na so in ji yadda waɗannan tambayoyi ke sauka a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura cikin kowace kafa, bazara ta busar da katako har ya tsage.

Mutanen Ƙonni ba a dajin farauta suka fara sanin irin wannan bindiga ba. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta riga ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ta faɗa wa birnin, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu yawan gaske. A takarda ma Ƙonni ba rabon Faransa ba ce a lokacin, don yarjejeniyar 1898 ta ja wa Ingila da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Sai gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya mayar da garin hannun Faransawa. Sojojin Faransa na wancan zamani Gras da Lebel suke riƙewa, dukansu masu sakata. Gras ta 1874 harsashi ɗaya take ci, babba mai milimita 11, da baƙin albarushi mai hayaƙi. Lebel ta 1886 ita ce bindigar soja ta farko a duniya da aka ƙera don albarushi marar hayaƙi, tana ɗaukar harsashi 8 a jere cikin wani bututu ƙarƙashin bakinta. Mutanen birni kuwa kwari da baka ne da masu da takubba, sai 'yan adaka tsilla-tsilla. Wannan rata da gangan aka gina ta: taron Brussels na 1890 ya hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, aka bar musu adaka mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Tun daga nan mai sakata ta zama bindigar hukuma, maharbi ya zauna da abin da maƙeri ya iya yi masa.

Shi ya sa mutumin da ya fi kowa saninta a cikin waɗanda na zauna da su a Ƙonni tsohon gardi ne, wanda ya yi aiki har arewa, wajen masu raƙuma, kafin ya aje kaki. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, jikokinsa na hura gawayin shayi. Bindigar da ya riƙe tsawon aikinsa MAS 36 ce, ƙirar masana'antar gwamnatin Faransa da ke Saint-Étienne, kuma ranar da ya bar aiki ya mayar da ita ma'aji kamar yadda doka ta ce. Hannunsa dai bai mayar ba. Yana magana yana ɗaga tafin dama yana ja baya, yana turawa, har da ɗan karkata kai.

Na ce, "Baba, an ce ba ta da makulli."

Ya ce, "Gaskiya aka gaya maka, ɗana. Makullinta na nan," ya nuna goshinsa. "Biyar take ci. Ka cika ta, ka danne na sama da yatsa, ka ruhe sakata bisa wofi. Wanda duk yas sa harsashi a baki yana tahiya, sajan na gani nai ya kwana gidan kaso."

Haka Faransawa suka tsara ta. Sun yi ta gajera, mai kauri, marar ado ko kaɗan. Mariƙin sakatar a lanƙwashe yake zuwa gaba, abin da ke ba baƙo dariya har sai ya ga yadda yake faɗowa daidai hannu. Banatinta dogon tsinke ne da ke kwana cikin bututu ƙarƙashin baki, a zaro a juya a mayar. Haƙoran da ke kulle sakatar suna can baya, inda yatsa da tsumma ke isa, saɓanin Mauser ta Jamus da nata ke gaba a lungu. A ƙasar rairayi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kusoshinta ma an yi musu kai na daban wanda sukuddireba ba ta kamawa, don kada soja ya kwance abin da bai iya mayarwa.

Da na tambaye shi ko tsofaffin sun fi, sai ya raba su gida biyu, kuma rabon nasa ya dace da abin da ke cikin littattafai. Akwai na kafin yaƙin duniya na biyu, masu baƙin fenti, da aka sassaƙa ƙarafansu a natse. Akwai na bayan 1945, masu launin toka, da aka buga wasu sassansu daga fallen ƙarfe don sauri da araha. Masu tara kayan tarihi na farkon suke nema ruwa a jallo. Shi kuwa cewa ya yi in za a tura shi daji na biyun zai ɗauka, don na farkon sun sha yaƙi a Turai da Indocin da Aljeriya kafin su iso Nijar, cikinsu ya suɗe. Ina tare da shi a nan. Shekarar da aka buga jikin ƙarfe ranar haihuwa kawai take faɗa. Yawan harsashin da ya bi ta ciki, da ko an wanke bayan harbi, ba a rubuta su ko'ina.

Zancen wankin nan ya fi yadda ake zato nauyi. Tsofaffin harsasan soja, na ƙasashe da dama, ɗan abin da allura ke bugawa a gindinsu yana barin gishiri cikin bututu bayan harbi. Mai ba ya narkar da gishiri. Wanda ya shafa mai ya rataye, yana ganin ya gama, gishirin na nan ƙarƙashi yana jiran raɓar damina. Kafin kaka tsatsa ta ci tsagogin nan masu murɗiya da ke sa harsashi ya juya ya tafi miƙe. Ruwan zafi ake fara ɗurawa, a busar, sannan mai. Man ma kaɗan, in ji tsohon, don a hunturu mai da ƙura in sun haɗu sakata sai ta cije.

Daga Ƙonni na bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maradi. Gefen gari koren gonakin rani ne da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, sai Tsarnawa inda hanyar Tawa ta balle arewa, sai farar ƙasa da duwatsu. Malbaza tun daga nesa ake gane ta da hasumiyar masana'antar siminti, wadda ke nan tun shekarun 1960, da manyan motoci jere suna jiran lodi. Gaba kaɗan, wajen Dogerawa da Galmi, albasa ce ko'ina, jar nan mai ruwan shuni da ta kai sunan Galmi har Abijan da Akara, buhu bisa buhu, kowanne da hular raga a kai.

A wani ƙauye da ke gefen hanyar nan aka kai ni gidan maharba na gado. A zaure, bayan an sha ruwa, maigidan ya aika aka ɗauko wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Ya ce ta kakansa ce, takardarta na nan, amma rabon da a harba ta tun yana saurayi. Muka fito da ita haske. Katakon ya yi baƙi da man hannu, ya tsage a wuya, an ɗaure da ɗanyar fata wadda ta bushe ta kama kam. An jera ƙananan ƙusoshin farin ƙarfe a gindi, ga laya ɗinke cikin jar fata tana reto. Na tofa yawu a yatsa na murza gefen hagu na gidan sakata, rubutu ya fito: St Étienne, sannan Mle 1874, gefe kuma M80.

Gras ce, 'yar gidan waɗanda aka zo da su ƙasar nan da yaƙi. M80 na nufin gyaran da aka yi wa samfurin a 1880, lokacin da aka fafe wata hanya da iskar wuta za ta bi ta fita in kwanso ya fashe, maimakon ta doki idon mai harbi. Da na zare sakatar na ɗaga bakin sama na leƙa, cikin sumul yake, babu tsaga ko ɗaya. Bayan sojan Faransa ya gama da Gras, 'yan kasuwa sun sayi dubbai, suka rarake bututun ya koma na harbin ƙwarar dalma, galibi lamba 24, suka sayar da araha ga manoman Faransa da kuma ƙasashen da take mulka. To ga amsar wanda ke neman bindigar farauta mai sakata ta asali a wannan yanki: tsohuwar bindigar soja ce da aka cire wa haƙora, ta dawo tana harbin zabi da fakara.

Maƙerin garin, wanda ke gyara musu adaka da tarko, ya zo ya tsuguna. Bai kula rubutun ba sam. Ya rufe sakatar, ya kama mariƙin ya girgiza gaba da baya yana kasa kunne. Ya sa farcen babban yatsa cikin gidan sakata don ya mayar da hasken rana cikin bututu, ya leƙa ta baki, ido ɗaya a rufe, yadda dillalin dawaki ke buɗe bakin doki kafin ya saurari kirarin mai shi. Sannan ya juya sakatar ya nuna mini lambar da ke jikinta, ya nuna ta jikin bututu. Ba su zo ɗaya ba.

Ya ce, "Malam, wagga sakata ba tata ba ce. Aro ce. Ji yadda take wasa."

Bai yi makaranta ba, amma abin da ya gano shi ne abin da masu gyaran bindiga a Turai ke aunawa da ƙarfen awo: ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. A masana'anta kowace sakata da bindigarta ake daidaita ta, shi ya sa ake buga musu lamba ɗaya. In ratar ta yi yawa kwanso na miƙewa ya tsage. Ƙari kuma ƙarfen 1870 da wani abu an gwada shi ne da baƙin albarushi, wanda ƙarfinsa bai kai na harsashin yau ba. Bindigar da aka rarake bisa ƙa'ida akan sake gwada ta a buga mata hatimi, na Saint-Étienne ko na Liège ta Beljiyam mai haruffan ELG. Mun juya wannan ciki da bai, ba mu ga sabon hatimi ba. Maƙerin ya ce wa maigidan, "Yaya, ka bar ta rataye. Kak ka bari yaran ga su gwada ta ranar salla."

Hanyar Illela ta Nijar sai an koma Tsarnawa an kama ta Tawa, a wuce Gidan Idar, a sauka Badagishiri a karkata yamma. A motar, wata tsohuwar Hiace da aka cusa mu har da kaji, wani saurayi ɗan makaranta da ya ji abin da nake bi ya miƙo mini wayarsa. Hoton bindiga ne a Facebook, katako na sheƙi, an zana barewa da ruwan zinari a jikin ƙarfe. Ya ce ai wannan ita ce ƙarshe.

Ƙarshen tsada dai. Kamfanonin bindigar farauta sun daɗe da koyon sayar da abu ɗaya da farashi uku. Remington ta fito da samfurin 700 a 1962 cikin mataki biyu, ADL da BDL. Sakata ɗaya, bututu ɗaya, kunama ɗaya. Abin da mai BDL ya biya ƙari a kai shi ne katako mai ƙyalli da baƙin kan hanci, da wata 'yar ƙofa a ƙasa da ake buɗewa a zubar da harsasai; mai ADL sai ya fidda nasa ɗaya-ɗaya ta sama. Winchester ma haka, samfurin 70 da ta fara a 1936 yana da na kowa da kuma Super Grade. Abin da ya raba masu wannan bindiga gida biyu ma ba matakin ba ne, shekarar 1964 ce, lokacin da kamfanin ya sauya ƙira don rage kuɗi, ya cire dogon farcen nan irin na Mauser mai cafke gindin harsashi tun daga fitowarsa har shigarsa. Har yau ta kafin 1964 marar ado takan fi ta bayanta mai ado daraja a kasuwa. A nan shekara ta yi magana, amma don ta nuna lokacin da aka sauya aiki ne.

Labarin da na fi so shi ne na Browning. A da tana da mataki uku, Safari da Medallion da Olympian, na ƙarshen cike da zane. Wajen 1966 zuwa farkon shekarun 1970 aka yi amfani da katakon da aka busar da gishiri don a yi sauri, kuma katako mai kyawun zane aka fi yi wa haka. Gishirin ya zauna ciki, ya riƙa cin ƙarfe ta ƙarƙashi inda ido bai gani. Mutum ya biya kuɗi mafi yawa ya sayi tsatsa. Saurayin ya yi dariya ya ce, "Ashe ba girin-girin ba." Wani dattijo a kujerar gaba ya ƙarasa masa karin maganar ba tare da ya waiwayo ba.

In ana zancen aminci tsantsa, sunan da ke dawowa shi ne Mauser ta 1898: haƙora biyu a gaba, na uku a baya don ko-ta-kwana, ga farcen nan da ba ya sakin kwanso. Ita ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, don waɗanda Jamus ta ƙera a 1944 da 1945, yaƙi ya ci ƙarfinta, aikinsu na gaggawa ne. Masu farautar manyan namun daji a gabashi da kudancin Afirka sun daɗe suna yabon Brno ZKK 602 ta ƙasar Cek, wadda aka gina kan tsarin Mauser, ba don kyau ba, don ba ta da shi. A gefenmu na Nijeriya kuwa Lee-Enfield ce, mai cin harsashi 10, wadda tsofaffin 'yan sanda ke kira mak fo. A jikin wasu akan ga haruffan FTR da shekara, alamar an mayar da ita masana'anta an sake ta ciki da waje. Irin wannan, ko an haife ta a 1942, ta fi wadda ba a taɓa gyarawa ba ƙuruciya.

Illela gari ne na sarauta, mazaunin Sarkin Adar, gidan da ke jan asalinsa daga Agabba ɗan Sarkin Agadas. Djibo Hamani ya rubuta tarihin ƙasar tun 1975. Ƙasa ce ta faƙo da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwaruruka inda gero ke yi in ruwa ya samu. A nan na kwana gidan wani tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda takardun maharba suka yi shekaru suna bi ta teburinsa.

Shi ne ya sa mini zancen a ma'auninsa. An rufe farauta a Nijar a zamanin da fari ya gama da dabbobi, ta zauna a rufe sama da shekara 20. Dokar da ake aiki da ita ta 29 ga Afrilun 1998 ce, mai lamba 98-07, kuma takardar riƙe bindiga daban, ta farauta daban. Tsakanin farin 1974 da na 1984, wanda mutanen nan ke kira El-Buhari, da gonaki da suka cinye daji, naman da ake bukatar harsashi mai tafiya nesa dominsa ya ƙaura ko ya ƙare. Barewa sai an nausa arewa. Abin da ya rage zomo ne da zabi da fakara da kurciya, sai dila mai ɗaukar 'yan awaki. Waɗannan ƙwarar dalma suke so. Shi ya sa bindigar da ya fi gani a takarda mai baki ɗaya ce lamba 12 da ake karyawa a tsakiya: Simplex ta kamfanin Manufrance a hannun tsofaffi, Baikal ta Rasha a hannun na baya.

Ya ƙara da wani abu da masu lissafin samfuri da shekara kan manta. Bindiga ba ta fi harsashinta aminci ba. Na MAS 36, mai awon 7.5, kamfanoni ƙalilan ne suka rage suna yin sa a duniya. Na Gras lamba 24 ya zama abin nema. Wanda aka adana shekara da shekaru cikin ɗakin kwano, zafin Afrilu na dukansa, wani ya ƙi tashi, wani ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke bindiga daga kafaɗa, wanda shi ne mafi muni. Ga kuma halin da ake ciki: tun da 'yan bindiga suka addabi bakin iyakar nan, daga Sakkwato har Madawa da Maradi, duk wanda jandarma suka tsayar da dogon abu a naɗe, bayani mai tsawo ke gabansa ko da takarda a aljihu.

Da safe, muna karyawa da kunu da ƙosai, sai ga hayaniya ta bayan gari. Samari ne za su farautar gayya, sun fi ƙarfin a ƙirga, da karnuka ramammu masu dogayen ƙafafu, da gora da kere da 'yan gatura, wani na busa ƙaho. Na leƙa ta kan katanga ina neman mai bindiga a cikinsu. Mutum ɗaya na gani, dattijo, da adaka a kafaɗa, yana tafe a baya.

Na ce wa mai masaukina, "Kawu, shi kaɗai?"

Ya ce, "Shi ma don tsoron mutane ya ɗauko ta, ba don zomo ba. Gama kununka mu tai tasha, motar Badagishiri in ta cika ba ta jiran kowa."